Abin da Na Je Nema Wurin Kada

Ruwa na farko da na gani wanda ya fi ƙarfin tsallake a Gaya ne, kan iyakar ƙasar Binin, ina tsugune tsakiyar kwalekwale, buhun albasa a dama, wata tsohuwa mai kaji a hagu. Mu mutanen Kwaya babban ruwanmu tabki ne, shi ma kafin a gama kai gero rumbu ya zama wurin buga tubali. Mai tuƙi ya ce in sakar masa ƙafa. Na ce ba ƙafarsa na riƙe ba, raina na riƙe. Tsohuwar ta tambaye ni ina za ni, na ce cin rani, gonakin audugar Binin. Abin da na faɗa wa jandarmomin hanya ke nan, shi na faɗa wa Inna mahaifiyata, shi na faɗa wa matata Zuwaira. Rabin gaskiya ne.

Ga sauran rabin. Sunana Lawali, amma a Kwaya in ka ce Lawali sai an tambaye ka wanne. Ango ake ce mini. Shekara bakwai da aurena, ba haihuwa, ba ko ɓari, sunan ya manne mini kamar ƙaya a wando. In aka je suna, taubasaina goro biyu suke miƙo mini, ɗaya na ango, ɗaya na haƙuri. Ina dariya tare da su, in koma gida in kasa cin tuwo. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Zuwaira ce ke shan wahalar. Duk saiwar da Inna ta ji labari, duk sassaƙen da wata ƙawarta ta yaba, sai ta jiƙa a ƙwarya ta kawo wa surukarta, ita kuma ta rufe ido ta shanye. Zuwaira ta je asibitin Magariya, ungozoma ta duba ta ta ce ba ta ga komai ba, a turo maigidan. Na ce maigidan ba ya zuwa. Ni ne fa mai feshin garinmu. Da damina ina goye da famfon maganin ƙwari daga hantsi har la'asar, gonar wake bayan gonar wake, ba takalmi, ba ƙyalle a hanci, in famfon ya toshe in hura shi da baki. Namijin da ke wannan, me wata ungozoma za ta duba a jikinsa?

Wani wanzami ne a kasuwar Dungas ya tura ni wannan tafiya. Yana yi mini aski ya sunkuyo kunnena ya ce maganin irin matsalata ɗaya ne, mazakutar kada. A busar, a daka, a sha a kunu safiya bakwai. Ya ce in tuna ko na taɓa jin an ce kada yana neman haihuwa. Na tuna, ban taɓa ji ba. Ban kuma tuna cewa shi wanzamin bai taɓa ganin kada ba sai a jikin kwalin ashana.

Kasuwar Malanbil, garin da ke tsallaken kogin, ta karɓe ni da Hausa ta ko'ina, sai na saki jiki, kuma nan na yi kuskure. Na tsaya gaban wani mai shimfiɗar magani, ga ƙahoni, ga fatu, ga kan biri yana yi mini murmushi. Ban buɗe baki ba ya ce, «Ɗan Damagaram, matsalar cikin gida ce ko?» Na ce lallai wannan ya san aiki. Yanzu na gane duk namijin da ya yi zagaye uku a gaban shimfiɗarsa yana waige-waige, matsalarsa ɗaya ce. Ya zaro wani abu daga ƙarƙashin tabarma, naɗe a takardar siminti, baƙi, murɗaɗɗe, ya fi tafin hannuna tsawo. Ya rantse da kabarin ubansa cewa kadan da aka ciro wannan a jikinsa sai da ya ci mutum biyu. Kuɗin akuyar da na sayar don guzuri suka koma aljihunsa.

Na ari turmi na daka rabi, na sha a koko safiya uku. Ta ukun ta same ni a saman kamiyo, babbar motar kaya, hanyar Kandi. Sau huɗu ina buga kan mota ana tsayawa ina ruga daji. A na huɗun direba ya ce in na sake, sai dai in iske su da ƙafa. Wani Bazabarme da ba mu jin maganar juna ya miƙo mini butarsa da wani ɗan ƙullin kanwa, da muka sauka na mayar masa da butar, ya ɗaga hannu biyu ya ce in riƙe. Har yau ban sani ba ko kirki ne ko ƙyama, amma ina sa shi a addu'a.

Na sami aiki a wani ƙauye gaba da Kandi, tsinkar auduga. Wanda ya ga auduga fara sol, mara nauyi, zai ce aikin mata tsofaffi ne. Bayan kwana goma sai na dafa bango kafin in miƙe daga ruku'u. Abinci kuma tuwon masara, gobe sakwara, jibi tuwon masara. Ƙasa guda ba mai dama fura! Na yi kewar furar Zuwaira har nakan ji ƙamshin kayan yajinta a cikin iska. Ran Juma'a nakan hau tulin auduga, don nan ne kawai waya ke kamawa, in kira ta. Takan tambaya ko ina cin abinci, in ce har na yi ƙiba. Takan tambaya ko na sami abin da na je nema, in ce aiki ai na samu. Sai ta ce to Allah ya taimaka.

Abu ɗaya ya faranta mini rai a gonakin nan: jarkoki. Manoman auduga suna feshi kamar ba gobe, in maganin ya ƙare su yar da jarkar a bakin gona. Sababbi, masu kauri, murfi yana rufuwa gam. A Kwaya irin wannan jarka dukiya ce. Tun maganin da nake feshi da shi bai ƙare ba mata ke kama layi, wannan ta ce ta riga, waccan ta ce tun bara na yi mata alkawari. Gidana ne kan gaba, ba shakka. Ɗaya ta man gyaɗan Zuwaira, ɗaya ta nono, ɗaya ta ruwan da nake tafiya da shi gona. A wanke da toka, a wanke da omo, a shanya a rana, shi ke nan ta musulunta. Ga shi nan ana zubar da su kamar ɓawon gyaɗa. Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na zaɓi shida mafi kyau na ɗaure da igiya, tsarabar gida, ta bakwai kuma na mai da ita ta ruwan shana.

Da auduga ta ƙare na ji labarin wata madatsar ruwa a gangaren gonakin, wai cike take da kadoji. Na wasa wuƙata na tafi da hantsi. Ga su kuwa, kwance a bakin ruwa, baki buɗe, kamar masu jiran a raba goro. A nan na lura ban yi wani shiri ba. Wanzami ya faɗa mini abin da zan samo, bai faɗa mini yadda ake roƙon mai shi ba.

Wani dattijo yana gyaran koma a gindin bishiya, ya yi mini sallama da Hausa. Baba Sanni sunansa, masunci ne daga wajen Yawuri, ya daɗe a ƙauyen har ya yi jikoki. Ya tambayi wuƙar ta mece ce, na ce ta yankan ciyawa. Ya dubi bakin ruwan, ko tsinke babu. Ya ce in mai da ita kube, don mutanen garin nan kakanninsu suke ɗaukar kadojin, in ɗaya ya mutu har likkafani suke yi masa, baƙon da ya taɓa su kuwa ba ya samun ko likkafanin. Kunya ta sa na zauna, zaman ya sa na faɗa masa komai, har na ciro sauran maganin Malanbil na nuna masa. Ya shinshina, ya ɗan gatsa.

«Jijiyar ƙafar saniya ce, ɗana. An shafa mata baƙin man mota.»

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya gama ya ba ni gasasshen kifi, ya ce akwai wata Madam da ke neman ƙato mai nauyi wanda ba ya tsoro. Na ce nauyin dai akwai.

Madam Rozin malamar jami'a ce daga kudancin ƙasar, amma a gefen zangon Kandi ta tashi, tana jin Hausar kasuwa sarai. Dattawan gari sun ba ta izinin kama kadoji bisa sharaɗin kowanne ya koma ruwa da ransa. Da yamma a ɗana tarko, da safe mu zagaya. Baba Sanni ya zarga wa kada igiya, ya ɗaure bakin da roba, ya rufe masa ido da jiƙaƙƙen buhu. Aikina shi ne in hau bayansa in zauna. Ranar farko duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Sai aka kifar da shi. Madam ta sa safar hannu, ta zura yatsa a wata 'yar tsaga a ƙarƙashin wutsiya, ta fito da abin nan da na baro Kwaya dominsa. Fari ne ma, ba baƙi ba. Ta auna shi da wani ɗan ƙarfen awo, ta rubuta a littafi, ta ɗebi jini a allura. Na ce a raina, Allah mai iko, ashe babbar dila na samu, masu shimfiɗa a wurinta suke sari, in na yi biyayya ba za a hana ni guntu ba. Ina cikin wannan lissafi ta ce a kwance shi. Ina ji ina gani maganina ya ja ciki ya koma ruwa.

Wuri biyu muke aiki. Akwai wani tabki can cikin daji inda ba gona ko ɗaya, akwai kuma madatsar da duk ruwan gonakin auduga ke gangarowa cikinta. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, ban buƙaci littafin Madam ba kafin in ga bambanci. Samarin kadojin daji, masha Allah. Na madatsa kuwa, tsawon jiki ɗaya da na dajin, amma in aka zo wurin awo sai ka ji tausayi. Wasu ma Madam takan daɗe tana lalube tana ɓata fuska, a ƙarshe ta ce sai jini ya nuna ko namiji ne ko mace. In muka tona ramin ƙwai a bakin madatsar, da yawa sun ruɓe ba su ƙyanƙyashe ba. Baba Sanni ya ce da can in damina ta kusa, bakin ruwan nan har motsi yake da 'ya'yan kada, yanzu sai ka nema.

Duk da haka ban fid da rai ba, saboda Prefe. Wani ƙaton kada ne da Baba ya raɗa wa wannan suna na babban mai mulkin yanki don ba ya matsa wa kowa a hanya. Na ce in ma sauran sun gaza, wannan yana da abin da zai ishi Kwaya da kewaye. Ranar da ya faɗa tarko sai da aka kira mutum huɗu daga gari. Na hau shi ina jin numfashinsa yana ɗaga ni yana saukewa. Aka kifar da shi da ƙyar. Madam ta zura hannu, ta lalubo, ta fito da shi. Ɗan yatsana na ƙarshe ya fi shi abin nunawa.

Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce mini ba. Na dafa cikinsa na ce, «Allah sarki, ashe kai ma Ango ne.»

Baba Sanni ya zauna a ƙasa don dariya. Madam ta tambayi dalili, shi kuwa dattijon da na ba amana ya kwashe labarina kaf ya faɗa mata, har da buta. Ta yi dariya ita ma, amma ba ta daɗe ba. Da muka koma inuwa da azahar ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce a jikin kowace halitta akwai wasu 'yan aike da ke yawo cikin jini, ormon ake ce musu, su ke kai saƙon cewa wannan ya zama namiji, wannan ta zama mace, wannan gaɓa ta girma yanzu. A wurin kada zafin ramin ƙwai ne ke fara yanke hukunci, 'yan aiken su idar. To wasu magungunan feshi, in suka shiga jiki, sai su sa rigar ɗan aike su kai saƙon ƙarya, ko su tare hanya na gaskiyar ya kasa wucewa. Ruwan sama ya wanko su daga gona, kifi ya sha, kada ya ci kifi, su taru a kitsen uwa, uwa ta zuba su a ƙwai. Ɗan tun bai ga rana ba an riga an rikita masa saƙo. Ta ce abin da take zargi ke nan a madatsar, jinin da take ɗiba shi zai tabbatar ko ya ƙaryata.

Na jinjina kai, na ce lallai kadojin nan an cuce su. Ganin ta yi magana da yawa, na ɗauko jarkata na miƙa mata ta jiƙa maƙoshi. Ta kai baki ke nan sai ta tsaya. Ta juya jarkar, ta kankare inda takardar ta ɗan saura, ga jan layi, ga rabin hoton ƙoƙon kan mutum. Ta tambaye ni tun yaushe nake shan ruwa a irin wannan. Na ce ta kwantar da hankalinta, wanki uku na yi mata, da toka da omo. Na ƙara da alfahari cewa a gidana ma har man gyaɗa a ciki muke zubawa, ga wasu shida can na tanada tsaraba.

Ta tuntsurar da ruwan a ƙasa. Ta ce roba tana shan maganin ne, wanki ba ya fitar da shi duka, mai kuwa shi ya fi komai jawo shi waje. Ta tambayi sana'ata a gida, na faɗa mata, har da hura famfo da baki. Baba Sanni bai yi dariya ba wannan karon.

Na tambaye ta ko wannan ne ya hana ni haihuwa.

«Ni likitar kada ce, Lawali, ba ta mutane ba. Ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka hau kada sama da sau ashirin don a auna shi. Kai me ya hana a auna ka?»

Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa. Da yammar ranar na ɗauki wuƙar da na wasa don kada, na bi jarkokin nan bakwai ɗaya bayan ɗaya na farke musu ciki, don kar wani mai rabon wahala ya tsinta. Ina yi ina jin kamar raguna nake yankawa ba ranar salla ba.

Da damina ta matso na kamo hanya. Baba Sanni ya cika mini leda da busasshen kifi, Madam ta ba ni safar hannu da abin rufe hanci, ta ce in na kuskura na sake hura famfo da baki za ta zo har Kwaya da ƙarfen awonta. A Damagaram ban nemi motar Magariya ba, na nemi babban asibiti. Na yi layi, na faɗi abin da ke tafe da ni da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Aka ba ni wata 'yar kwalba aka nuna mini ɗaki. A nan na gane gatan da ake yi wa kada, shi ana rufe masa ido da buhu. Bayan kwana biyu likita ya zaunar da ni ya ce ƙwayoyin haihuwata kaɗan ne, kuma ba su da kuzari. Bai ce feshi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Ya rubuta magani, ya ce in nisanci guba, in dawo bayan wata uku, kuma kar in fid da rai.

Na shiga Kwaya da la'asar, ba jarka ko ɗaya, sai kifi da turmin atamfa. Tun daga bakin gari ake ce mini Ango ya dawo. A tsakar gida na tarar da Inna da ƙawayenta biyu, Zuwaira tana durƙushe, an miƙa mata ƙwarya cike da wani baƙin jiƙo. Sabuwar saiwa ce, wai daga Dungas aka kawo. Bayan gaisuwa Inna ta ce ta shanye tun da maigidan ya dawo, a dace.

Na karɓi ƙwaryar daga hannunta. Na so in jira mutane su watse, amma na tuna a gaban mutane ta sha na shekara bakwai.

«Inna, ku daina ba ta. Na je asibiti an auna ni. Matsalar a jikina take.»

Ɗaya ƙawar Inna ta tuna ta bar tukunya a wuta, ɗayar ta bi ta taya ta saukewa. Inna ta ja mayafi ta shiga ɗaki. Na sa ran Zuwaira za ta yi kuka, ko ta yi mamaki. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce matar wanzamin nan ta faɗa mata abin da na je nema tun ban kai Gaya ba, ta dai bar ni ne in je in gani da idona, tun da tunkarar kada ta fi mini sauƙi a kan hawan motar Magariya. Na faɗa mata zancen jarkoki, ta dubi ta man gyaɗanta da ke rataye, ta ce in fasa, amma ran kasuwa ni zan sayo mata tulu da kwalba.

Na juya zan zubar da jiƙon a gindin katanga, ta riƙe mini hannu.

«A'a, Malam. Ɗanɗana tukuna.»

Na kai ƙwaryar baki. Na sha jijiyar saniya da baƙin mai, na sha ruwan madatsar kadoji, ban taɓa sa abu mai ɗacin wannan a bakina ba. Kurɓa ɗaya na yi hawaye suka zubo mini, ba duka na ɗacin ba ne. Ta tsaya tana kallona har na haɗiye, sannan ta karɓi ƙwaryar ta zubar da sauran da hannunta, ta kife ta a kan danga, ta je ta ɗauko mini fura.